Ruwan Sanyin Gwaggo

A Harra ta Yamma na yi jegon fari, a gidan surukaina, ba a daɗe da shiga shekara ta dubu da ɗari huɗu ta Hijira ba. Da mahaifiyata tana raye, gidanmu na Anbariyya za a mayar da ni in yi wanka a gabanta kamar yadda ake yi wa kowa. To, ta rasu kafin aurena, sai na zauna inda aka ajiye ni. Wanda bai zauna a Harra ba bai san zafin Madina ba. Baƙin dutsen da aka gina unguwar a kansa yakan sha rana tun hantsi, in yamma ta yi ya amayo ta, har bango ya ƙi taɓuwa. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, guda ne a gidan, yana ɗakin surukina. Mu mata sai mafici da jiƙa zane.

Mace na haifa, kuma tun ranar farko aka nuna mini ba tawa ba ce. 'Yar fari ce, uwa ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita. In za ki ba ta nono ki juya ki fuskanci bango. Kakanninmu sun baro ƙasar Kano a ƙafa, sun zubar da kaya da yawa a hanya, 'ya'yansu ma Hausar ta fara kuɓuce musu, amma wannan kunyar ba su yar da ita ba. Sai ma suka ƙara mata gishiri, don kada a ce mun zama Larabawa. Mai jariri a gidanmu ita ce Gwaggo, yayar surukina. Ita ke wanke jariran mutanenmu tun daga Harra har Sih. Tana da haƙorin Makka da doguwar tazbaha da take ja ko tana tsakiyar gulma, kuma ban taɓa jin ta ce ba ta san wani abu ba.

Abin da ta yi suna da shi ruwan sanyi ne. Ita ke haɗa shi a gidanta, ta ɗura a kwalabe, kowane gida mai jego a ajiye guda. Bayan wanka sai ta tsiyaya a finjali, ta tsoma auduga, ta goga wa jariri a cibiya, a wuya, a hammata, a maɗiga, har tafin ƙafa. Tana cewa yana kashe ƙurajen zafi, yana sa barci. In an tambaye ta me ke ciki, sai ta ce ruwan wardin Madina da Zamzam da ɗan sibirto kaɗan, irin na asibiti. Da zarar ta ambaci Zamzam tambaya ta ƙare. Wa zai buɗe baki ya soki abin da aka ɗiga wa Zamzam?

Ni karatuna bai wuce 'yan azuzuwan farko ba, amma Allah bai hana ni hanci da ido ba. Ƙamshin wardin yana sama ne kawai. In ya wuce, akwai wani wari a ƙasa mai hawa kai, irin wanda nake ji in mun bi ta layin kafintoci. Wata rana ɗigo ya faɗa kan tiren shayi mai fenti, da na zo gogewa sai furen da ke jikin tiren ya biyo tsumman. Na tsaya ina kallon tsumman, ina kallon wuyan 'yata. In ana goga mata takan tsala ihu har ta shiɗe, can kuma sai ta yi laƙwas, ta yi barcin da ko an ja ƙafarta ba ta motsi. Matan gidan su yi ta tafawa suna cewa hannun Gwaggo albarka. Ni kuwa nono ya cika yana zuba, ina girgiza yarinya ta ƙi tashi ta sha. Fatar wuyanta ta yi ja ta fara saɓulewa. Gwaggo ta ce zafi ne ke fita, a ƙara.

Na gaya wa maigida. Direba ne a wani kamfanin jigilar alhazai, mutum mai haƙuri da kowa in ban da matarsa. Ya saurare ni yana cire takalmi, ya ce shi ma da hannun Gwaggo aka raine shi, ga shi bai mutu ba. Na ce a lokacinsa turaren kolonya na kanti take sawa, mahaifiyarsa ce ta faɗa da bakinta. Sai ya juya harshe zuwa Larabci, abin da yakan yi ke nan in yana so magana ta mutu, ya ce halas, kada in ja masa abin kunya a kan 'yar fari.

Ranar allurar rigakafi muka tafi mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa, ni da surukata. Ita ke riƙe da yarinyar, ni ina biye da jaka kamar 'yar aiki. Likitar wata Bamisriya ce mai kauri, ba ta da fara'a. Tana buɗe zanen jaririyar sai ta ja baya, ta sake sunkuyawa ta shinshina wuyanta. Ta tambayi me ake shafa mata. Surukata ta yi caraf ta ce wardi da Zamzam. Daktora ta dube ta, ta dube ni, sannan ta ce ɗakin ya yi ƙanƙanta, kaka ta jira a waje. Surukata ta fita tana gunaguni da Hausa, wai ina aka taɓa barin yarinya da 'yar fari.

Da ƙofa ta rufu na faɗi komai, har zancen tiren. Daktora ta ce sibirto iri-iri ne. Akwai na asibiti, akwai na masu turare, akwai kuma na masu fenti da goge katako, wanda ake gauraya shi da abubuwan da ba a yi su don jikin mutum ba. Ta ce fatar jariri kamar tsumma take, abin da aka zuba mata sai ta sha. Wani yana taɓa ido, wani kuma in an daɗe ana shaƙa ana shafawa yana lalata jini, har ya kai ga saraɗan. Na san kalmar. Ita ce ciwon daji, ita ta ɗauke mahaifiyata. Na zauna a kan kujera ba a ce in zauna ba.

"Ya binti, da hanci ba a yanke hukunci," in ji ta. "Kawo mini ko kaɗan ne a kwalba mai murfi. Zan aika muhtabar, ɗakin gwaje-gwaje, a auna, su za su ce ga abin da ke ciki. Kafin nan kada a sake shafa mata."

Kada a sake shafa mata. Ta faɗa kamar ni ke da yarinyar.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne a kwanakin nan gari ya ɗauka cewa wasu maza sun sha kolonya a ɓoye don su bugu, wasu sun makance, wani ma an ce ya mutu. Ma'aikatan baladiyya, hukumar gari, suna bin kantunan Anbariyya suna kwashe kwalabe. Da na gaya wa maigida abin da daktora ta nema, sai na ga tsoro a fuskarsa, tsoron da ban gani ba lokacin da nake ba shi labarin wuyan 'yarsa. Ya ce in kwalbar sibirto ta fita daga gidan nan ta shiga hannun hukuma, ba za a tambayi jariri ba, za a tambayi wane namiji ke sha. Za a kama shi, a yi masa bulala, a kore shi daga aiki, kuma a garin Manzon Allah. Ya ce mu da ake kallo ana jira mu yi kuskure a ce ga halin Takari, ni ce zan kai mu da hannuna? Ban ce tsoronsa ƙarya ba ne. Amma duk jawabin nan da ya yi, sunan yarinyar bai fito a ciki ko sau ɗaya ba.

Bangon gidan ba ya riƙe magana. Kashegari da safe na ga surukata ta fita bayan gida da kwalbarmu a ƙarƙashin mayafi, ta tuttular da ita a tsakanin baƙaƙen duwatsu, ta fasa kwalbar ta tura ɓaraguzan cikin rami. Kafin azahar labari ya zagaya, duk gidan da ke da kwalba an yi mata haka. Ashe sun san abin a ɓoye ne. Mutanen da suka rantse wardi ne da Zamzam, su ne suka zubar da shi a inda karnuka ke fitsari. Amma shafawa ba a fasa ba. Gwaggo ta koma zuwa da kwalba guda a jakarta, ta yi aikinta ta mayar. Da aka gaya mata abin da daktora ta ce, dariya ta yi har haƙorin Makka ya haska. Ta ce Bamisriyar da ba ta san wankan jego ba ita za ta koya mata jariri? Ta ce ta wanke 'ya'yan da suka zama manyan ma'aikata tun likitar tana tallan dafaffen wake a ƙauyensu.

Kunyar da suka ɗaure ni da ita, ita ta ba ni hanya. Tunda ba a so in tsaya kan yarinya lokacin wanka, aikina shi ne kwashe kaya: baho, tsumma, finjali, in kai bayan gida in wanke. Gwaggo ba ta taɓa ƙarar da abin da ta tsiyaya, kullum akwai saura a gindin finjalin. Na samu wata ƙaramar kwalbar maganin tari da ta ƙare, na wanke ta na shanya. Kullum in na juya musu baya sai in ɗura sauran, in matse audugar a ciki, in toshe, in cusa a cikin buhun shinkafa. Ina yi ina jin ihun 'yata ta bayan labule. In sun watse in ɗauke ta in wanke wuyan da ruwa zalla, ina ba ta haƙuri a kunne. Kwanakin nan ba na son tuna su. Da kwalbar ta kai rabi na ce nonona ya kumbura yana ciwo, sai an kai ni mustausaf. Wannan ko ba ƙarya na yi ba. Na ƙulle kwalbar a haɓar zane, surukata na gefena a hanya tana ba ni labarin tsadar tumatir.

Daktora ta karɓa, ta buɗe, ta kawar da fuska. Na roƙe ta kada sunan maigida ya shiga. Ta ce ita yarinya ta sani, ba ta san wani maigida ba. Ta ce sai an kai wani gari, zai ɗauki lokaci.

Da muka dawo gida na tarar Gwaggo ta iso, ga baƙi mata daga Sih sun zo barka, an shimfiɗa tabarma ana shan shayi da na'ana'a. An gama wanka, ta tsiyaya a finjali. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun baƙin ba. Na sunkuya na ɗauke yarinyar daga cinyarta, tsirara, da ruwa a jikinta, na rungume.

Gwaggo ta ce, "Ke, lafiya? Ajiye mini ita."

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Ba za a ƙara shafa mata ba."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. 'Yata ce."

Sai na kira sunan yarinyar, a gabansu, ina lallashinta. Duk suka zuba mini ido, ka ce tsirara na yi. Wata tsohuwa ta kama haɓa tana salati. Gwaggo ta dubi surukata ta ce, "Kin gani ko? Marainiya ai sai a hankali. Ba laifinta ba ne, ba ta samu mai gaya mata ba." Ta mayar da ruwan cikin kwalba a hankali, ba ta bar ko ɗigo ba, ta ce ita da ta raini uban ba za ta yi kokawa da 'yar cikinta a kan jika ba.

Daga ranar aka daina yi mini magana sai ta dole. Abinci a ajiye a bakin ƙofa. Matan unguwa in sun shigo su gaida kowa su tsallake ni. Labarina ya kai Anbariyya, har matar yayana ta aiko a gaya mini na zubar musu da mutunci. Ba wanda ya aiko ya tambayi yaya wuyan yarinya. Wuyan kuwa ya fara warkewa cikin 'yan kwanaki, ta koma tashi da kanta tana neman nono, tana kuka irin na masu rai. Surukata ta ce ga shi nan, an hana ta ruwan sanyi ta zama mai rigima. Ni dai ba wuyan ne ya dame ni ba yanzu. Abin da ya riga ya shiga ciki nake tunani. Kullum in buɗe fatar idonta in ga ko ta yi fari, in duba dasashinta, in laluba wuyanta da hammata ina neman ƙullutu. Na ga yadda mahaifiyata ta fara, ba na bukatar a kwatanta mini.

Aka daɗe. Zafi ya fara sauka kafin daktora ta ce sakamako ya dawo. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Larabci mai sauƙi. Ta ce ba sibirton asibiti ba ne, ko kusa. Na goge katako ne, akwai irin wanda ke makantar da masu shan kolonya, akwai kuma wani sinadari ɗan uwan fetur, wanda masu ilimin abin suka daɗe da sanin yana jawo ciwon dajin jini ga masu aiki da shi. Na tambaye ta ko 'yata za ta kamu. Ta ce babu likitan da zai iya ce mini e ko a'a. Watanni ne aka yi ana shafawa, ba shekaru ba, wannan abin godiya ne. Za a ɗibi jininta yanzu, kuma a riƙa ɗiba lokaci-lokaci. Na tambaya ko Zamzam ɗin da aka sa bai rage komai ba. Ta dube ni, ba ta yi dariya ba, ta ce Zamzam mai albarka ne, amma ba a aiko shi ya wanke ruwan fenti ba. Sannan ta ce tana so ta san mai haɗawa, don jariran da ake shafa wa ba 'yata kaɗai ba ce. Na ce ta ba ni kwana biyu.

Na jira maigida ya ci abinci ya sha shayi. Na gaya masa abin da aka samu, na ce daktora tana jiran suna. Ko Gwaggo ta daina, a kowane gida, ko in koma in faɗa. Ya ce in na yi haka aurena ya mutu. Na ce to. Ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina. Da gari ya waye ya tafi Sih, shagon ɗan Gwaggo, wanda ke sana'ar goge kujeru da kabad. Daga baya ƙanwar maigida ta gaya mini abin da ya gani: manyan gwangwanaye a bayan shago, da hoton ƙoƙon kan mutum a jiki, daga nan ake ɗibar wa Gwaggo kyauta. Kolonyar kanti ta yi mata tsada, shi ya sa ta canza tun shekarun baya. Hoton ƙoƙon kai ko makaho ya shafa ya san ba na jariri ba ne.

Maigida ya dawo gida. Bai ce na yi gaskiya ba, har ya koma ga Allah bai faɗa ba. Bayan 'yan kwanaki dai na ga an kawo mukayyif an kafa a ɗakinmu. Wannan shi ne ban haƙurinsa, na karɓa don ina jin zafi.

Jinin yarinya ya fito lafiya. Na yi sujada a tsakar ɗakin daktora. Da labari ya iso gida sai ga surukata tana guɗa, wai Allah ya wanke Gwaggo, likita da kanta ta ce babu komai. Haka aka baza shi a unguwa: an kai ruwan Gwaggo har muhtabar, an auna jinin yarinya, ba a samu komai ba. Rabin farko na maganar, abin da aka samu a cikin kwalbar, ya ɓace a hanya kamar ba a taɓa faɗa ba.

Gwaggo kuwa ta daina bayan zuwan maigida Sih, amma ji yadda ta daina. A wani taron suna ta sanar cewa ta ji wani malami a Harami yana cewa sibirto ɗan uwan giya ne, najasa ne, bai kamata ya taɓa jikin ɗan Musulmi ba. Ta ce ita da jin haka ta tuba, ko ɗigo ba za ta ƙara taɓawa ba, kuma tana jan kunnen matan zamani masu sayen kolonya su ji tsoron Allah. Mata suka yi ta kabbara, ana cewa tsohuwa mai tsantseni. Ina zaune a ƙarshen tabarma da 'yata a cinya, ta dubo ni tana maganar matan zamani. Na koma wurin daktora na ce mai yin ta bari, na tabbatar. Ta ce in ta sake jin warin nan a jikin wani jariri ba za ta tambaye ni ba, baladiyya za ta kira. Ba ta sake ji ba.

Na yi shekaru ina kai yarinyar a ɗibi jini, ni kaɗai, ana cewa ina neman ciwo da kuɗin mota. Ta girma, ta yi karatun da ban yi ba, ta yi aure, lafiyarta ƙalau, alhamdu lillahi. Har ta zama budurwa in ta yi zazzaɓi sai na ja fatar idonta na duba, tana ture hannuna tana cewa da Larabci, Ummi, me kike nema ne? Akwai wani yaro a Sih, sa'anta, shi ma Gwaggo ta wanke shi. Yana 'yan azuzuwan farko ya fara ramewa, ya yi fari fat, aka yi ta kai shi Jidda har ya rasu. An ce ciwon jini ne. Ban san ko ruwan sanyi ne ba. Yara suna kamuwa da shi ko ba a shafa musu komai ba, daktora ma ta gaya mini. Ban sani ba, su ma ba su sani ba, amma ni kaɗai na kwana da tambayar. A gidan makokin Gwaggo ce a gaba tana ba uwar haƙuri, tana cewa kowa da kwanansa.

Ranar da ita ma ta rasu aka cika gida. Ana ta yabonta, wai jariri bai taɓa lalacewa a hannunta ba. Na yi mata addu'a kamar kowa, Allah ya jiƙanta, hisabi ba nawa ba ne. Wata tsohuwa da ba ta gane ni ba ta matso tana ba ni labarin wata mara kunya da aka taɓa yi a Harra, wadda ta fizge 'yar fari daga cinyar Gwaggo a gaban baƙi har ta kira sunanta. Ta ce ko ina take yanzu oho. Na ce mata tana nan, 'yar ma tana nan, ga ta can tana raba shayi.